Yadda Ake Bibiyar Gidajen Maƙwaƙƙwafi Mai Rumbu a Daji

Wanda ya shiga dajin itacen ok a Kalifoniya don kallon maƙwaƙƙwafi mai rumbu ba zai sha wuyar ganinsa ba. Tsuntsu ne mai surutu, tun daga nesa za ka jiyo su suna ta "waka-waka-waka" a kan busassun rassa. Wuyar aikin tana wajen sanin wane ne wane: su nawa ne a gidan, wa ke haihuwa, wa ke zaman taimako kawai, wane ne kuma baƙon da ya leƙo daga maƙwabta. Wannan ba ya samuwa a zuwa ɗaya, sai an yi ta komawa gindin itace ɗaya ana zama.

Sunansa na kimiyya Melanerpes formicivorus. Ana samunsa daga yammacin Oregon zuwa Kalifoniya, Arizona da Niyu Meksiko, ya bi tsaunukan Meksiko da Amurka ta Tsakiya har Kolombiya. Abincin da aka san shi da shi shi ne ƙwallon itacen ok, wato itatuwan dangin Quercus, wanda yake tarawa a cikin ƙananan ramukan da ya huda a jikin itace. Mafi yawan abin da aka sani game da zamansa ya fito ne daga Hastings, wani keɓaɓɓen dajin bincike na Jami'ar Kalifoniya ta Berkeley da ke saman Kwarin Carmel a gundumar Monterey. Michael da Barbara MacRoberts ne suka fara bin tsuntsayen wurin a 1968, Walter Koenig ya ɗora a 1974, daga baya Ronald Mumme da Eric Walters da wasu suka shigo. Watannin da za mu ambata a nan na tsakiyar Kalifoniya ne. A Arizona ko Meksiko lokutan suna ɗan gocewa.

Abin da ake nufi da gida

Gidan wannan tsuntsu ya fi kama da gandu. Akwai mazan gida masu haihuwa, daga ɗaya har wajen bakwai, kuma yawanci 'yan'uwan juna ne, wa da ƙane ko uba da ɗa. Akwai matan gida, daga ɗaya zuwa uku, su ma 'yan'uwan juna, waɗanda ke zuba ƙwai a sheƙa ɗaya kamar kishiyoyi masu ɗaki ɗaya. Tsakanin mazan da matan kuwa babu dangantakar jini. Sai mataimaka, wato 'ya'yan gidan na shekarun baya, maza da mata, waɗanda ba sa haihuwa amma suna ciyar da ƙannensu, suna huda ramuka, suna gadin rumbu. Gida kan kai tsuntsu 15, amma da yawa ba su wuce huɗu ko biyar ba, akwai ma na namiji da mace kawai. Kada ka je da tsammanin kowane gida zai cika maƙil.

Raba namiji da mace abu ne na kallon goshi. Dukkansu tsayinsu wajen santimita 21 ne, bayansu baƙi, ga fari a gindin wutsiya da tsakiyar fiffike wanda ke bayyana idan sun tashi, ga jar hula a ka da farin ido. A namiji jar hular tana haɗe da farin goshi kai tsaye. A mace akwai baƙin layi mai kauri tsakanin farin da jan. Sai tsuntsun ya juyo ko ya sunkuyar da kai kake iya tantancewa; daga ƙeya duk ɗaya suke, don haka idan ƙeya kawai ka gani, rubuta "ban gane ba".

Inda aka fi yin kuskure shi ne kan ƙananan da suka tashi daga sheƙa a shekarar. Duk suna fitowa da hula irin ta maza, har matan cikinsu, sai bayan sun sake gashi a kaka baƙin layin ke fito wa matan. Wanda ya yi ƙidaya a Yuni ko Yuli bai san wannan ba zai dawo yana cewa gidan maza zalla ne. Maganin abin shi ne duba ido: na yaro duhu ne, na babba fari fat.

Kayan aiki

Madubin hangen nesa na ido biyu, mai lamba 8x42 ko 10x42, ya isa don ƙirge da raba jinsi. Karanta zoben da masu bincike ke sa wa tsuntsayen a ƙafa kuwa sai da babban madubi na ido ɗaya wanda ke kusanto da abu ninki 20 zuwa 60, a kan ƙafa uku mai ƙarfi wadda iska ba ta girgizawa. Ka haɗa da kujerar ninkewa, littafi da fensir (biro yakan ƙi rubutu a takarda mai laima), agogo mai nuna daƙiƙa, waya ko na'urar GPS don alamta wurare, da ruwan sha isasshe. Kaya masu launin ƙasa sun fi. A wuraren shaƙatawa da harabar makarantu inda tsuntsayen suka saba da mutane ba a buƙatar maɓoya, amma a daji sosai, musamman kusa da sheƙa, 'yar bukkar yadi tana sa su manta da kai.

Fara da rumbu

Kada ka bi tsuntsu, nemi rumbunsa. Rumbu shi ne itacen da gidan ke ajiya a jikinsa: tsohon itacen ok mai matattun rassa, ko itacen fayin mai kaurin ɓawo, ko turken wayar lantarki, ko ma bangon gidan katako. Daga nesa jikinsa kamar an watsa masa harsashin bindigar farauta. Kowane rami girman ƙwallo ɗaya ne, kuma a ɓawo ko matacciyar gaɓa ake huda shi, ba ya kaiwa ga ɗanyen naman itacen. Aikin kakanni ne ake gada, kowace shekara ana ƙara kaɗan, har an taɓa ƙiyasta ramuka 50,000 a itace guda. Yawancin gidaje suna da babban rumbu ɗaya da ƙanana a gefe, kuma yankin gida bai cika kaiwa hekta goma ba, saboda haka wanda ya samu babban rumbun ya samu tsakar gidan.

Ka zauna wajen mita 30 zuwa 50 daga gindinsa, rana a bayanka. Wannan maganar rana ba ƙarama ba ce. Idan kana fuskantarta tsuntsun zai zame maka baƙar inuwa, ba ka ganin goshi balle zobe. Rumbun da ka kalla daga gabas da hantsi, daga yamma za ka kalle shi da la'asar, don haka tun ranar farko ka zaɓi mazauni biyu.

Daga Satumba zuwa Disamba ne ake cika rumbu, kuma shi ne lokacin da ya fi sauƙin fara aiki, domin kowa a gidan yana jigila. Za ka ga tsuntsu ya sauko da ƙwallo a baki, ya cusa shi a rami, ya ga ya yi sako-sako, ya zare, ya matsa gaba ya gwada wani, wani lokaci sau biyar ko shida, sai ya samu wanda ya kama tsam sannan ya buga shi ciki da baki. Ba a nan aikin ya ƙare ba. Ƙwallo yana motsewa idan ya bushe, sai ya fara rawa a raminsa, ɓarawo ya iya zare shi. Shi ya sa duk tsawon hunturu za ka ga wasu suna bin jikin rumbu suna ƙwanƙwasa ƙwallaye ɗaya-ɗaya suna mayar da su ƙananan ramuka. A rubutunka ka raba ayyukan nan uku: kawo sabo, sauya wa tsoho wuri, da huda sabon rami. Wanda ya haɗa su wuri ɗaya zai ninka yawan abin da gidan ya tara.

Ƙirga ramuka ɗaya bayan ɗaya ba ya yiwuwa a babban rumbu. Ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima: ɗauki hoton wani yanki na itacen, ka ƙirga ramukan da ke cikin faɗin da ka sani, misali santimita 30 kowane gefe, ka yi haka a wuri uku ko huɗu masu bambancin cunkoso, sannan ka auna da girman wurin da ramuka suka rufe. Masu bincike a Hastings sukan raba rumbuna gida biyu, masu ƙasa da rami 1,000 da masu sama da haka, kuma wannan rabon ya wadatar da mai farawa. Abin da ya fi yawan ramuka amfani shi ne kashi nawa ne a cike. Ka zaɓi yanki ɗaya ka riƙa ɗaukar hotonsa daga wuri ɗaya duk wata. Sai dai ka lura, rami yakan yi kamar a cike alhali ɓawon ƙwallo ne kawai ya rage bayan an cinye cikinsa. Da babban madubi za ka ga hujin.

Ka kuma nemo maƙerarsu. Wani reshe ne a kwance mai tsaga a samansa, inda suke danna ƙwallo su fasa. Ɓawon da ya taru a ƙasa ne zai nuna maka shi. Tsuntsu a maƙera yakan daɗe a tsaye wuri ɗaya, ƙafafunsa a fili, babu wurin da ya fi shi daɗin karanta zobe.

Ba ƙwallo kaɗai suke ci ba, kada ka zauna a rumbu da rani ka ce gidan ya watse. Idan gari ya yi ɗumi sai su koma ƙololuwar itatuwa suna cafke ƙwari a iska, musamman tururuwa masu fiffike, su tashi su dawo reshen da suka bari. Suna kuma huda wasu ramuka marasa zurfi a ɗanyun rassa suna lasar ruwan itace. Waɗannan itatuwan ma ka sa su a taswirarka.

Ƙirga 'yan gida

Ƙa'ida ta farko ita ce adadin da ka gani a lokaci guda. Idan ka ga uku yanzu, bayan minti goma ka ga huɗu, ba bakwai ba ne, huɗu ne har sai ka tabbatar da akasin haka. Abin da ke taimakawa shi ne gaisuwarsu. Idan ɗan gida ya sauko kusa da ɗan'uwansa sai su buɗe fukafukai su yi ta "waka" tare, sauran ma su taso. Baƙo ba ya samun wannan tarba. Shi yakan zo shiru, ya maƙale a gefen itace, da zarar an gan shi a bi shi da gudu har iyaka. Inda mai korar ya tsaya ya juyo, ka alamta wurin. Bayan kora goma ko ashirin iyakar gidan za ta fito maka a taswira. Baƙin nan galibi mataimakan wasu gidaje ne da ke yawon leƙen inda gurbi ya buɗe, kuma su ne ke kumbura ƙidayar wanda bai yi hattara ba.

Ƙidaya mafi inganci a makwanci ake yinta. 'Yan gida suna kwana tare a cikin kogon da suka fafe a itace. Don gano shi, ka tsaya inda kake hango rumbu da kewayensa minti 45 kafin faɗuwar rana, ka lura da inda suke nufa da almuru. Washegari ka zauna kusa da can. Cikin kwana biyu ko uku za ka kai ga ramin. Daga nan ka riƙa yin layi biyu a littafi, na shiga da na fita, domin tsuntsu yakan shiga, ya leƙo, ya fito, ya sake komawa, kuma wanda ke ƙirga shiga kaɗai zai samu tara a gidan da ke da shida. Babban gida yakan rabu kogo biyu ko uku, don haka idan ƙidayar dare ta gaza ta rana, akwai ramin da ba ka gano ba. Fitowar asuba ta fi tsabta, ɗaya bayan ɗaya suke fita kuma ba su cika komawa ba, sai dai dole ka kasance a zaune tun kafin gari ya waye, kuma hasken bai isa raba jinsi ba.

Da almurun nan za ka ga wani abu da ke rikita baƙo. Kafin su shiga kogo sai su taru suna hawan bayan juna na ɗan daƙiƙa, namiji kan mace, mace kan namiji, namiji kan namiji, har yara a ciki. Wannan ba barbara ba ce, kada ka rubuta shi a matsayin shaidar wa ke haihuwa da wa. Ainihin barbara ba kasafai ake ganinta ba ko ga waɗanda suka shekara suna zaman.

Ka maimaita ƙidaya aƙalla sau uku a ranaku daban kafin ka ce ga yawan gidan, kuma tsuntsun da ba ka gani ba sau ɗaya kada ka yi masa ta'aziyya. Yana iya yiwuwa yawon leƙe ya tafi.

Zoben ƙafa

A wuraren bincike kowane tsuntsu yana ɗauke da zoben ƙarfe mai lamba da zobban roba masu launi, yawanci biyu a kowace ƙafa, kuma jerin launukan shi ne sunansa. Ka tsayar da tsari ɗaya na karantawa kada ka sauya: ƙafar hagu ta tsuntsun, ba hagunka ba, daga sama zuwa ƙasa, sannan ta dama. Idan ya ba ka baya hagunsa hagunka ne, idan ya fuskance ka abin ya juye, kuma rabin kurakuran karatu daga nan suke. Launi ma yana yaudara. Ja ya koɗe ya koma ruwan hoda, fari ya yi dauɗa ya zama ruwan toka, shuɗi mai duhu da baƙi da kore mai duhu duk ɗaya suke a inuwa. Ƙafar maƙwaƙƙwafi gajeriya ce, gashin ciki yakan rufe zoben sama idan yana manne da itace. Jira ya yi susa ko ya sauka a reshe na kwance. Idan uku ka gani, rubuta ukun ka sa alamar tambaya a na huɗun. Cike gurbi da zato yana haifar da tsuntsun da babu shi a duniya.

Kama tsuntsu ko sa masa zobe ba aikin mai sha'awa ba ne. A Amurka dokar kare tsuntsaye ta 1918 ta shafe shi, kuma sai da izinin ofishin sa wa tsuntsaye zobe na hukumar binciken ƙasa ta Amurka, wato USGS, haɗe da na jiha. Hawa itace don leƙa sheƙa ma ba aikin mai sha'awa ba ne. Inda babu zobe sai ka dogara da jinsi, launin ido, da wata alama ta ɗan lokaci kamar karyayyen gashin wutsiya, kana sane da cewa za ta ɓace idan ya sake gashi.

Lokacin sheƙa

Daga Afrilu zuwa Yuni ne babban lokacin haihuwa, kuma a shekarar da ƙwallo ya yi albarka wasu gidaje kan sake yin sheƙa a Agusta ko Satumba. Alamar farko ita ce gadin mace. Kwanaki kafin ta fara ƙwai, a gidan da ke da maza fiye da ɗaya, za ka ga suna manne da ita, ta tashi su tashi, ta sauka su sauka, kowa yana tsaron kada ɗan'uwansa ya keɓe da ita. Namijin da bai damu da wannan rakiya ba mai yiwuwa mataimaki ne, wato ɗanta. Wannan ita ce hanya mafi kyau da mai kallo ke da ita ta raba mazan gida da 'ya'yansu, domin a gashi babu bambanci ko kaɗan. Tabbacin uban kowane ɗa kuwa sai gwajin jini.

Idan gidan yana da kishiyoyi, ka ba safiyoyin makon fara ƙwai muhimmanci. Wadda ba ta fara nata ba takan shiga sheƙa ta ɗauko ƙwan 'yar'uwarta a baki, fari tas, ta kai shi wani reshe ta maƙale shi a tsaga, ta fasa. Daga nan 'yan gida su riƙa zuwa suna sha, har uwar ƙwan a cikinsu. Haka za a yi ta yi kullum sai ranar da duk suka fara zubawa tare, sannan ɓarnar ta tsaya, don daga nan ba mai iya raba nata da na wata. A Hastings an samu cewa fiye da kashi ɗaya cikin uku na ƙwan da ake zubawa a sheƙar haɗaka haka yake ƙarewa. Abin yana faruwa cikin ƙiftawar ido. Wanda ya sunkuya yana rubutu lokacin da mace ta fito daga rami ya rasa shi, shi ya sa a wannan makon ya fi kyau a riƙa faɗa wa na'urar ɗaukar murya abin da ake gani, ido na kan madubi.

Mace ɗaya takan yi ƙwai huɗu ko biyar, ɗaya kowace rana. Sheƙar kishiyoyi ta fi haka yawa. Kwanci wajen kwana 11 ne, 'ya'yan kuma su yi kwana 30 zuwa 32 kafin su tashi. Ba sai ka leƙa ba za ka san inda aka kai. Lokacin kwanci canjin gadi za ka gani: wani ya sauko bakin rami baki wayam, na ciki ya fito, shi ya shiga ya daɗe. Ranar da ka fara ganin ana shiga da ƙwari a baki, an ƙyanƙyashe. Ka ƙirga baya ka samu ranar fara kwanci, ka ƙirga gaba ka san makon tashi. Da farko masu ciyarwa suna shigewa gaba ɗaya, daga baya rabin jiki kawai, a makon ƙarshe kuma 'ya'yan ne ke miƙo kai waje suna ƙara.

Zaman sheƙa a Hastings na awa uku ne a jere, kuma yana da kyau ka bi wannan don abin da ka tara ya yi daidai da na wasu. Ka fara ƙirga lokaci bayan tsuntsayen sun koma harkarsu, ba daga zamanka ba. Kowace ziyara ka rubuta lokaci, wane ne, ya shiga ko bai shiga ba, da abin da ke bakinsa, ƙwaro ko gutsuren ƙwallo. Ka yi zaman a lokaci ɗaya na yini kuma ka rubuta shekarun 'ya'yan a kwanaki, in ba haka ba kwatanta gida da gida ba shi da ma'ana. Idan ka ga babba ya zo da abinci yana ta kewaye ya ƙi shiga, ko minti 20 ta wuce ba wanda ya je ramin, kai ne matsalar. Ja da baya. Ƙananan 'ya'ya tsirara suke, sanyin safiya yana yi musu illa.

Ka sa ido kan sitalin, tsuntsun nan da aka kawo daga Turai aka saka a Niyu Yok a 1890, wanda yanzu yake ƙwace musu koguna. Ganin ciyawa tana leƙowa daga bakin rami alama ce ramin ya sauya mai shi, domin maƙwaƙƙwafi ba ya shimfiɗa komai sai ɓarɓashin itace.

Rikicin gurbi

Wata rana za ka iso ka tarar da rumbun da ka sani da tsuntsu biyar ya cika da ashirin ko talatin, ihu ba ƙaƙƙautawa, wasu sun jeru biyu-biyu ko uku-uku a reshe sun baje fukafukai, wasu sun cakume juna har suna faɗowa ƙasa. Ruwa ba ya tsami banza: duk mazan gidan masu haihuwa, ko duk matan, sun mutu ko sun ɓace. 'Ya'yan gidan ba sa maye gurbin, domin ba sa haihuwa da iyayensu, don haka mataimaka daga wasu gidaje ke zuwa ƙungiya-ƙungiya, 'yan'uwa maza tare ko 'yan'uwa mata tare, su gwabza. Ƙungiya mafi yawa ce ta fi samun nasara, kuma waɗanda suka ci su ne sababbin mazan gida ko kishiyoyi.

A irin wannan rana ka manta da cikakkiyar ƙidaya. Abu uku za ka nema. Jinsin masu faɗan, don shi ke gaya maka gurbin wa ya buɗe. Su wa ke tsayawa kafaɗa da kafaɗa suna baje fiffike tare, don su ne ƙungiya ɗaya. Sai waɗanda ke zaune a gefe ba sa taɓa kowa. Binciken da Sahas Barve da abokan aikinsa suka wallafa a 2020, da ƙananan na'urorin rediyo da aka ɗaura wa tsuntsayen Hastings, ya nuna cewa akwai 'yan kallo zalla da ke tahowa daga nisan kilomita uku, su yi abin da bai wuce awa guda ba su koma, alhali mayaƙan kan yi awa goma a yini, kwanaki a jere. Ka riƙa duba itacen duk minti biyar kana rubuta abin da idonka ya kama, ka kuma dawo kullum har ƙura ta lafa.

Bayan rikicin ka sake ƙidayar gidan daga tushe, don matsayi yana sauyawa. Idan uwa ce ta mutu baƙin mata suka shigo, 'ya'ya mazan da ke zaman taimako suna iya zama masu haihuwa tare da ubansu, tunda sababbin matan ba danginsu ba ne. Idan uba ne ya mutu, 'ya'ya mazan ba su da wannan dama muddin uwarsu na nan, kuma sukan yi ta korar masu neman gurbin har gidan ya yi shekara ko fiye babu ƙwai.

Ƙidayar ƙwallo da sauran hattara

Duk abin da ka gani a gida yana rataye da amfanin itatuwan shekarar, don haka ka auna shi. Hanyar da ake bi a Hastings tun 1980 mai sauƙi ce: a Satumba, kafin ƙwallo ya zube, mutum biyu su tsaya a ɓangarori daban na itace, kowa ya ƙirga iya abin da ya gani da madubi cikin daƙiƙa 15, a haɗa ya zama ƙidayar daƙiƙa 30. A sa wa itatuwan lamba a riƙa komawa kansu duk shekara, kuma a raba su iri-iri, domin ba tare suke yin albarka ba. Wasu, irin su Quercus lobata da Quercus douglasii, ƙwallonsu a shekara ɗaya yake nuna, na Quercus kelloggii kuwa sai ya shekara biyu. Dalilin ke nan da tsuntsun ya fi zama inda ok ya kai iri biyu ko fiye. A shekarar da duk suka gaza, rumbu yakan ƙare tsakiyar hunturu gidan ya watse, kuma rumbun da ka tarar shiru a Janairu ka ci gaba da leƙa shi, masu shi ko wasu suna iya dawowa da bazara.

Kada ka kunna musu kukan da aka naɗa don su fito. Suna gane muryar junansu, kuma baƙuwar murya a tsakar gida tana tayar da hankalin da zai ɓata maka abin da ka zo gani. Kada ka zauna daidai ƙarƙashin rumbu, matattun rassansa suna karyewa ba sanarwa. Ka koyi gane tsiron nan mai ganye uku-uku, Toxicodendron diversilobum, wanda ke cika gindin itatuwan ok yana sa ƙuraje da ƙaiƙayi, ka duba wurin zama saboda maciji mai kaɗa wutsiya, ka kuma cusa ƙafar wando cikin safa don kaska, wadda a can tana iya ɗauke da cutar Lyme. Yawancin dazukan ok na Kalifoniya filayen kiwo ne na mutane, shiga sai da izinin mai wuri, Hastings kanta ba a shiga sai an nemi izini tun da wuri.

Kowane gida ka ba shi suna da shafinsa, ka juye rubutun yini a daren ranar tun kana tuna abin da gajerun alamominka ke nufi. A shafin ka ware layi biyu, ɗaya na abin da ka gani, ɗaya na abin da kake zato. "Namiji mai ja-fari a hagu ya bi mace sau shida cikin minti 20" na layin farko ne. "Shi ne uban gida" na layi na biyu ne, kuma da fensir ake rubuta shi.